An cire mai kwalliyarmu daga ƙungiya ba a ji ta bakinshi ba, ku zo mu yi magana

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa masu dirama da marubuta da mawaƙa na wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa mani da hankali ba da zagi ba. Shin ƙungiyar wasan kwaikwayo na da hurumin korar mutum saboda yanayin tafiyarshi da muryarshi da abin da mutane ke raɗawa a kanshi, alhali bai taɓa yi ma kowa laifi wajen rihazal ba? Abin da ya sa nike tambaya, a ƙungiyarmu nan cikin birnin Katsina (ba zan faɗi sunanta ba, wanda ya sani ya sani) an cire wani bawan Allah ranar Talata da daddare. Shi ke mana kwalliya, shi ke ɗinka kayan wasa, shi ke naɗa ma mai fitowa a sarki rawani, kuma shi ya koya ma 'yan matanmu waƙoƙin gaɗa waɗanda ni da nike mace na manta rabinsu. Mutane na ce mashi ɗan daudu, eh, ba yau aka fara ba, haka muka ganshi tun ranar da ya shigo kuma haka muka amshe shi. Abin da ya canza kawai wani guntun bidiyo ne da ya yi yawo, an ɗauke shi wajen biki ana kiɗan ƙwarya yana rawa cikin mata. Shikenan mutum ukku suka zauna suka cire shi daga guruf, ba mitin ba takarda ba ko kiran waya, da safe ya tashi ya ga an fidda shi. Ni dai wlh abin ya tsaya mani a rai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Anti da girmanki kike kawo wannan maganar nan? Ai sun ma yi haƙuri da suka kai yanzu. Mu Musulmi ne, Annabi SAW ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza, hadisin na cikin Bukhari, to me ya rage a tattauna kuma

Bakatsiniya: Ni ban san shi ba amma cire mutum cikin dare ba a kira shi ba gsky ba tsari ba ne, ko ɓarawo aka kama ai ana tambayarshi

Sakatare: Tunda an kawo maganar fili bari in yi bayani don ina cikin mutum ukkun da ake nufi, kuma Maman Walida kin sani ba ƙiyayya tsakanina da yaron nan, ni na sa mashi hannu a fom ɗin shiga. Abin da ya faru, bidiyon na fita iyaye suka fara kirana, uwa ɗaya ta ce in dai yana nan ɗiyarta ta bar zuwa, wata ta biyo baya, sannan mai wajen da muke aron zaure muna rihazal ya aiko cewa bai son abin da zai ja mashi magana a unguwa. Saura sati kaɗan mu hau dandamali, wasan nan na shaye-shaye da muka sha wuya a kanshi, in 'yan mata suka janye kuma aka hana mu waje to wasa ya mutu. Mun duba muka ga gara mutum ɗaya ya yi haƙuri da a rasa duka. Ban ce ya aikata komai ba, Allah shaida ban taɓa ganin ya yi wani abin assha ba.

Maman Walida: To Yaya Sakatare ai ka gama maganar da bakinka, ka ce ba ka taɓa gani ba. Kuma "ya yi haƙuri" da kake cewa, wa ya ba shi haƙurin? Ba wanda ya je. Keken ɗinkinshi na nan kulle cikin sitonmu, da akwatin kwalliyarshi, da kuɗin ɗinkin riguna goma sha biyu da bamu biya shi ba har yau. Ranar da aka yi ruwan nan da ya jiƙa mana kaya wa ya kwana yana shanya yana guga? Lokacin duk bamu ga tafiyarshi ba sai yanzu.

Hajiya Babba: Ɗiyata Maman Walida ki saurare ni, ni ce uwa ta biyun da Sakatare ke faɗi, ba zan ɓoye ba. Ba zaginshi nike ba kuma ya sha gaishe ni da ladabi, har jaka yake amsar mani. Amma ɗiya ta mutum amana ce, ina turo ta wajen da akwai ƙananan yara maza da mata, in wani abu ya faru wa zan kama? Rigakafi ya fi magani. Ku da kuke karatun zamani kuna ganin kamar tsoronmu ƙauyanci ne, to ba ƙauyanci ba ne, mun ga abubuwa.

Maman Walida: Hajiya Allah ya ƙara girma, wlh ban raina tsoronki ba, ni ma uwa ce kuma Walida na cikin masu gaɗar nan. Amma ki tuna bara, wanda ya riƙa tura ma 'yan mata saƙo tsakar dare yana ce masu zai sa su a fim, ai ba shi ba ne. Namiji ne mai gemu da murya kakkaura wanda ba wanda zai taɓa kira ɗan daudu, yarinya ta kawo saƙonnin a waya muka gani da idonmu, me aka yi? Aka ce a rufa asiri yana da iyali, aka yi mashi nasiha ya ci gaba da zuwa. Wanda aka kama da hujja an rufa mashi asiri, wanda ba a kama da komai ba an kore shi. In tsaron yara muke so da gaske sai mu yi doka wadda za ta hau kan kowa, kada babba ko wane ne ya keɓe da yaro ko yarinya, ƙofar ɗakin canja kaya mata ke tsaronta, kwalliya a yi ta a fili gaban mutane, ba mai amsar lambar yarinya sai ta hannun uwarta. Wannan zai tsare ɗiyarki daga kowa, korar mutum ɗaya ba abin da zai tsare sai dai hankalinmu ya kwanta na ƙarya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Laifin wani ba ya wanke na wani. A kori wancan ma, ni ban hana ba

Malam Na Zaure: Bismillah. Na ga an jawo hadisi to ya zama dole in sa baki, kuma zan yi tsawo ku yi haƙuri. Hadisin da ɗan uwa ya kawo ingantacce ne daga Ibn Abbas, ba mai jayayya, kuma hukuncin luwaɗi a Musulunci sananne ne ba ni zan canza shi ba. Amma ilimi ba a ɗaukar shi da rabi. Imam Nawawi a sharhin Muslim ya kasa irin waɗannan mutane gida biyu, akwai wanda haka Allah ya halicce shi da laushin magana da motsi irin na mata ba shi ya ƙirƙira ba, ya ce wannan ba zargi a kanshi ba zunubi, sai kuma wanda ya ɗora ma kanshi da gangan, shi ne la'anar ta hau. Wasu malamai sun ƙara da cewa na farkon ana so ya yi ƙoƙarin ragewa a hankali gwargwadon iko. To wa cikinmu ya shiga zuciyar yaron nan ya san ko wane kashi ne? Sannan a Madina akwai irinsu, akwai wanda yake shiga gidan Ummu Salama ba a hana shi ba, sai ranar da Annabi SAW ya ji shi yana siffanta jikin wata mata ta Ɗa'ifa ga wani namiji, ranar ya ce kada ya ƙara shigo masu. Ku lura, abin da ya fito daga bakinshi aka kama shi da shi.

Na biyu kuma wannan ya fi ba ni tsoro, tun da bidiyon nan ya fita na ga mutane a wasu guruf suna rubuta kalmar luwaɗi a kan yaron nan kai tsaye. Ku buɗe Risala da muke karantawa a zaure tun muna yara, a babin haddi, wanda ya ce ma wani "ya kai ɗan luwaɗi" haddin ƙazafi ya hau kanshi, bulala 80, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ko habaici ka yi wanda aka gane nufinka ana tsayar maka da haddi. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, ta 12 ta hana zato da bin diddigi da giba. Waɗannan ma ai Alƙur'ani ne, me ya sa ba mu jin zafinsu kamar yadda muke jin na wancan?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Allah gafarta Malam ban isa in ja da kai ba, amma ai akwai wanda aka kawo ma Annabi ya sa lalle hannu da ƙafa aka kore shi daga gari, to mu ma korar muka yi ba duka ba

Malam Na Zaure: Na'am yana cikin Abu Dawud, an fitar da shi zuwa Naƙi'i. Ka ƙarasa hadisin mana, sahabbai suka ce ko mu kashe shi, ya ce an hana ni kashe masu sallah. Kuma wanda ya yanke wannan hukunci shugaba ne, an kawo mutumin gabanshi ya gani da ido. Ba mutum ukku ba ne da waya a hannu ƙarfe sha ɗayan dare. Ni ban ce ku mai da shi ko kada ku mai da shi ba, wannan shawararku ce, abin da nike cewa haƙƙinshi na wuyanku, kuɗinshi da kayanshi da mutuncinshi da kuma jin ta bakinshi.

Sakatare: Kuɗin da keken wlh ba da niyya aka riƙe ba, gobe in sha Allah zan kai mashi da kaina

Yarima Daura: Ni fa abin da nake hange daban ne. Irin wannan maganar ta "kada a nuna wariya" daga waje take zuwa, yau a ce mai kwalliya gobe a kawo mana tuta mai launin bakan gizo a ce mu rataya a dandamali in muna son tallafi. Mun ga hayaniyar da aka yi kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa ma hannu da Tarayyar Turai, a 2024 ai

Maman Walida: Yarima wane tallafi? Ɗari biyar biyar muke haɗawa duk wata mu sayi fiya wata da hoda, Bature bai san da zamanmu ba. Yaron nan haifaffen cikin ganuwa ne, ko Kaduna bai cika zuwa ba balle Turai.

Barista H: Bari in gyara wani abu Yarima, yarjejeniyar Samoa da aka yi ta cece-kuce a kanta a Yulin 2024, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba ta ce babu sashen da ya tilasta ma Najeriya amincewa da auren jinsi, amma kafin gyaran ya iso labarin farko ya riga ya zaga ko'ina. Sai maganar doka, don na ga wasu na tsoron ko ajiye shi a ƙungiya laifi ne. Dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa ma hannu a Janairun 2014 ta ce shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Ba inda ta ce kada a ba mutum aikin ɗinki ko a zauna da shi wajen dirama saboda yanayinshi. Ƙungiyarku ta wasan kwaikwayo ce ba ta shiga wannan layin ba ko kusa. Ba zan ɓoye maku ba kuma, a Penal Code na Arewa da ya fara aiki 1960 akwai sashen da ya ambaci namijin da ke sa kayan mata a bainar jama'a, kuma jiharmu na cikin jihohi 12 masu aiki da shari'ar Musulunci tun wajen 2000. Amma duk waɗannan aikin kotu ne, da mai ƙara da shaidu da damar kare kai. Tsarin mulkin 1999 sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, sashe na 34 ya ba kowa mutunci, na 37 ya tsare sirrin mutum. Bai ce ban da ɗan daudu ba.

Bakatsiniya: Barista to a bidiyon ma kayan mata ya sa? ni ban gani ba

Maman Walida: Shadda ce a jikinshi da hula, gyale kawai wata ta yafa mashi a kafaɗa ana liƙi

Baba Tsohon Ɗan Wasa: Ku ɗiyan yanzu kuna ba ni mamaki. Jikata ce ke rubuta mani wanga, ni ina faɗi. Mu da muka fara dirama a makarantar kwana ta maza, wa kuke zato ke fitowa a uwar gida da amarya? Mu ne, mu ɗaura zane mu sa ɗankwali mu cusa tsumma a riga, hedimasta na zaune gaba shina dariya, da yawa cikinmu sun zama alƙalai da limamai. In azumi ya kai goma ku fita ku ga tashe, 'yan mata na Mairama da Daudu ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama miji, ba wanda ya ce duniya ta tashi. Su kuma 'yan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, mun tashi mun iske su, su ke da tukunyar abinci a tasha, in ka sauka mota da dare tuwonsu da soyayyar kazarsu za ka ci, su ke taya mata hidimar biki, kuma duk wanda ya halarci wajen amada irin na marigayiya Barmani Choge ta Funtua, Allah ya jiƙanta, ya san akwai su a wajen. Ban ce malamai na yabon abin ba, ba su taɓa yabo ba, ana yi masu wa'azi ana yi masu tsiya, amma ba a hana su neman abinci ba kuma in sun mutu ana yi masu sallah a kai su. Abin da ban sani ba da, shi ne wanga na ɗaukar mutum a waya a watsa ma duniya. Shi ne baƙon abu, ba yaron ba.

Kuma ku masu dirama ku ji tsoron Allah, sau nawa kuka sa wani ya fito a ɗan daudu don jama'a su yi dariya, ya karya murya ya riƙe ƙugu ya tafa hannu, zaure ya ɗauki shewa? Kun ci abinci da kwaikwayonshi, shi na gasken kun ce bai isa ya zauna bayan labule shina ɗaura maku rawani ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Baba wancan ai wasa ne ana gamawa a cire, kuma don a nuna ma mutane munin abin ne. Da can ma jahilci ne ya yi yawa, yanzu ilimi ya zo

Baba Tsohon Ɗan Wasa: Ɗana garin da ke da hasumiyar Gobarau kake ce ma ilimi yanzu ya zo?

Admin: Jama'a a kiyaye harshe, na goge saƙo biyu masu zagi da ɗaya da ya sa hoton bawan Allahn nan. Duk wanda ya ƙara sa hoto ko suna ko unguwarshi zan fidda shi. Sannan wani mamba ya turo mani saƙo ta gefe ya roƙi in sa ba suna, na karanta na ga ba zagi ciki, ga shi yadda ya rubuto.

Admin: "Salam. Ina cikin wannan zaure kuma da yawanku kun san ni, mun yi aiki tare mun ci abinci kwano ɗaya. Ni ba na karairaya, muryata irin ta kowa ce shi ya sa ba wanda ya taɓa nuna ni. Amma abin da kuke zargin wancan da shi wanda ba ku da tabbas, ni ina ɗauke da shi a zuciyata tun ina yaro, ban zaɓa ba, na yi kuka na yi azumi na yi addu'a a sujada kuma har gobe ina yi. Ban zo neman fatawa ba kuma ban ce kowa ya canza addininshi saboda ni ba, ni ma addinin nan shi ne nawa. Abin da nike so ku sani, wajen rihazal shi ne waje ɗaya da nike mantawa da tsoro, in ina aiki ana yaba aikin ina jin ni ma mutum ne mai amfani. Tun ranar Talata ban iya barci sosai, ina ta tunanin in shi da bai yi komai ba an yi mashi haka to ni fa ranar da wani ya zarge ni. Ban taɓa cutar da ɗan kowa ba kuma ba zan yi ba. Ku auna mu da abin da muka aikata a gabanku, sauran ku bar ma Allah da ya san mu."

Yarima Daura: Innalillahi. Admin wannan ai bai kamata a rufe ba, a faɗi ko waye mutane su san da wa suke zaune

Admin: Ba zan faɗa ba Yarima ko za a watse, amana ya ba ni. Kuma na goge saƙon daga wayata.

Barista H: Yarima ka san abin da kake nema kuwa? A Janairun 2014 a Bauchi ana cikin shari'ar wasu da ake zargi, taron mutane suka yi ta jifan kotun da duwatsu suna so a miƙo masu su, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Wata guda bayan nan a Gishiri ta Abuja aka bi gida gida cikin dare aka fito da samari ana duka da sanduna. A Gombe a 2023 mutum 76 aka kwashe wajen wani taron murnar ranar haihuwa. In suna ya fita a irin wannan yanayi ba kai ke da iko da abin da zai biyo baya ba, kuma in aka zubar da jini da hannunka ciki.

Malam Na Zaure: Yarima ka janye wannan. Mutum bai bayyana saɓo ba, bai ce ya aikata ba ma, ya ce yana fama da zuciyarshi yana addu'a, kai kuma kana so a tona. Wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira, wannan hadisin ma a Muslim yake. Kai kuma ɗan uwa mai saƙo, kada ka bar sallah kada ka yanke ƙauna, kuma kada ka ƙara faɗa ma kowa wannan sirri a waya.

Yarima Daura: Na janye neman sunan Malam. Amma raina bai kwanta ba gsky

Hajiya Babba: Saƙon nan ya sa jikina ya yi sanyi, ko waye ɗan wata ne. Ni dai har yanzu ina da tsorona ba zan yi ƙarya ba. Amma Maman Walida waccan doka da kika faɗa, in za a rubuta ta a kuma yi aiki da ita kan kowa har da shi mai gemun na bara, kuma a yarda mu iyaye mu riƙa zuwa muna zama bi da bi ranar rihazal, to zan sake shawara da babanta. Ban yi alkawari ba.

Maman Walida: Hajiya ko yau kika ce za ki zo ni zan kawo maki kujera. Ga abin da nike so in gabatar ma ƙungiya, ku gyara mani inda na karkace. Ba za a cire kowa ba sai an faɗa mashi laifin da ya yi a rubuce an kuma ji ta bakinshi gaban cikakken mitin. Laifin ya zama abin da ya aikata ne a wajen aiki ko ga ɗan ƙungiya, ba kamanninshi ko muryarshi ko ƙabilarshi ko jita-jitar gari ba. Ba ɗaukar kowa hoto ko bidiyo a watsa ba izini. Ba kiran kowa da sunan da bai so, ko da wasa. Sai dokokin tsaron yara da na faɗa ɗazu. Wannan ba don mutum ɗaya ba ne, akwai bazawarar da aka taɓa cewa kada a ba ta fitowa a matar liman saboda wai an ganta bayan mashin ɗin wani, akwai yaron nan mai in'ina da ake kwaikwayonshi har ya bar zuwa, akwai Kiristocin da ke mana kiɗa waɗanda in an zo rabon abinci sai a ga an ware masu kwano. Duk abu ɗaya ne ke cin mu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Anti na yarda da a ji ta bakin mutum, na yarda da biyan haƙƙi, na yarda ba watsa bidiyo. Amma layin nan na "ba kamanninshi ba" ban yarda ba, ƙofa ce kike buɗewa. In ya dawo ni zan bar ƙungiyar kuma ba ni kaɗai ba

Maman Walida: Ba na so ka tafi ƙanena, kai ne ka fi kowa iya fitowa a ɗan sanda kuma ka sani. Amma shekarun nan da yake naɗa maka bel yana goga maka hoda kafin ka hau dandamali, me ya rage maka a addininka? Ka zo mitin ka faɗi hujjarka a gabanshi, in akwai abin da ya taɓa yi maka ka faɗa kowa ya ji, ni da kaina zan goyi bayanka.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Bai taɓa yi mani komai ba, ban ce ya yi ba. Zan zo amma ƙuri'ata a'a ce

Bakatsiniya: To mai zauren fa da ya ce bai so? ko an shawo kan kowa in ba waje ai ba wasa

Baba Tsohon Ɗan Wasa: Wanga ku bar mani, tare muka yi makaranta da yayanshi, zan same shi bayan Magariba. In ya ƙiya akwai filin gidana, ba siminti amma ya ishe ku, mu da muka yi wasa ƙarƙashin bedi da fitilar ƙwai.

Sakatare: Na yi magana da ciyaman yanzu, ya amince a kira mitin na kowa da kowa ranar Asabar bayan La'asar, za a karanta abin da Maman Walida ta rubuto layi layi a kaɗa ƙuri'a, iyaye ma suna iya zuwa. Maganar wanda aka yi ƙorafi kanshi bara ita ma za a tashe ta tunda an ambata. Abin da ya rage wa zai je ya gayyato shi? Ni zan kai kaya da kuɗi amma gsky da kunya in ce mashi ya zo ya zauna gaban mutanen da suka gama kallon bidiyonshi.

Maman Walida: Na kira shi ɗazu bai ɗauka ba, ƙanwarshi ta ce tun ranar bai fita ko masallacin unguwa ba saboda yara na binshi da waƙa, a gida yake sallah.

Baba Tsohon Ɗan Wasa: Sakatare ka biyo ta gidana gobe da hantsi mu tafi tare, ka ɗauko keken a Keke Napep kada ka ɗaura shi bisa mashin ya lalace. Kai za ka ba shi haƙuri da bakinka ni in yi mashi maganar Asabar. In ya ce bai zuwa ba zan matsa mashi ba, sai ku yi mitin ɗinku ku aika mashi da abin da kuka yanke a rubuce.